Kiɗan Ingila a Gayyar Baba Dabo

Duk wanda ya ce muku ni na kashe geron Baba Dabo, ku tambaye shi ko ya ga fartanya a hannuna ranar nan. Ni kiɗa na yi. Kiɗan ma ba irin na kowa ba, kiɗan Ingila, wanda har yau ban ga mutum ɗaya daga nan har Makoɗa da ya gane kansa ba in ka cire ni. Ni ɗin ma, tsakani da Allah, akwai wuraren da nake ɗan ɓacewa.

Sunana Ja'afaru. Lokacin da nake ganiyata ina aiki a wata masaƙa a Bompai, ina da agogon hannu da takalmi sau-ciki, in na zo ƙauye ranar Juma'a sai na yi ta kaɗe wando kafin in zauna a tabarmar mutane. Gonar da na gada ma sayar da ita na yi, na ce ni da fartanya sai dai a lahira in ana noma a can.

A masaƙar akwai wani Bature mai gyaran injina, dogo, gashi har kafaɗa, muna ce masa Mai Gashi. Yana da 'yar Hausarsa, ina da ɗan Turancina, in muka haɗa su sai su yi hira guda. Shi ya ba ni labarin cewa da yana saurayi shi da abokansa huɗu sun kafa ƙungiyar makaɗa a ƙasarsu, da wani suna da ya ce ma'anarsa Agogon Ƙarƙashin Teku. Irin kiɗansu wai kiɗan ci gaba ake ce masa. Waƙa ɗaya takan cinye fuskar faifai gaba ɗaya, ta sauya tafiya sau goma kafin ta ƙare. Gidan rediyo ya ƙi sa su, don in aka sa babu lokacin karanta labarai. Suka yi faifai huɗu, ba wanda ya saya sai iyayensu mata. Suka yi ta yawo gari gari a wata tsohuwar mota, wani wurin masu kiɗa sun fi masu sauraro yawa, wani wurin ma mai shara kaɗai suka tarar, shi ma jira yake su gama ya kulle ƙofa. Daga baya mai gangarsu ya koma tallan madara, shi kuma ya taho Kano gyaran inji. Yana ba ni labarin yana dariya. Ni ban yi dariya ba. Na saurari kaset ɗinsu, na ji abin da ban taɓa ji ba, nan take na yanke hukunci cewa mutanen Ingila ba su da kunne.

Sai shekarun wahala suka shigo. Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa, a birni ana layin sabulu da madara, masaƙu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tamu ma ta rufe. Ranar da Mai Gashi zai tafi ya miƙa min kaset ɗin nan da wata 'yar ƙaramar fiyano mai batir, ya ce in ba yara su yi wasa. Na rungume su na ce masa abin da ya gagare shi a Ingila ni zan ƙarasa shi a ƙasar Kano.

Haka na dawo ƙauye da matata Sakinatu, ba aiki, ba gona, ba agogo, sai fiyano. Abin da muke ci daga rumbun mahaifinta Baba Dabo yake fitowa. Wanda bai taɓa cin tuwon suruki ba bai san yadda loma take tsayawa a maƙogwaro ba. Kullum da safe in je in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon takalmina, ya ce, "Ma'aikata, an tashi lafiya?" Ni kuwa in amsa kamar ban gane ba.

Na nemo mutum biyu. Nababa mai facin keke, wanda sana'arsa ta mutu don kowa ya rataye kekensa saboda rashin taya, shi na ɗora a kan ganguna: garwa biyu, tsohon daro, murfin tukunya da wata gangar kurya da ya gada. Basiru kuwa yana da kukuma, ya ɗan taɓa yi wa 'yan mata kiɗa a dandali kafin yunwa ta hana rawa. Na tara su a zaure bayan la'asar, na sa musu kaset. Nababa ya saurara ya saurara, ya tambaya ko batir ne ya yi sanyi. Na ce haka abin yake. Basiru ya ce to yaushe za su fara. Na ce ai sun kusa rabi.

Na yi musu bayani dalla-dalla. Kiɗanmu na nan ƙafa biyu yake tafiya da ita, dama hagu, dama hagu, ko jariri ya iya. Na Ingila kuwa sai ka ƙirga uku, ka ƙirga huɗu, ka dawo uku, in mai sauraro ya fara sabawa sai ka sauya masa. Nababa ya gwada, ya ce wannan ai tafiyar jakin da ya taka ƙaya ce. Na ce masa ita ce ci gaba. Da yake ba mu da teku a wajenmu, na raɗa mana suna Agogon Ƙarƙashin Rijiya.

Fitarmu ta farko gidan maƙwabciyarmu Asiya ce, ranar sunan ɗanta. Ba ta gayyace mu ba, mu muka ga ya dace. Muka kafa kaya a ƙofar gida, mata suka yi da'ira a tsakar gida suka ɗaure gyale a ƙugu. Muka fara. Kowace ta ɗaga ƙafa ɗaya tana jiran inda za ta sauke, ba ta samu ba. Mai guɗa ta ɗauko guɗa, daidai nan muka yi shiru, ta haɗiye sauran tana tari. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce in mun gama gyaran kayan a sanar da ita. Can sai ga kwanon waina an aiko mana daga ciki, da saƙon cewa mai jego ta gode, jariri yana firgita. Na ce wa su Nababa su duba, fitar farko har an fara biyanmu, su Mai Gashi sun yi shekaru ba su ga ko ƙosai ba.

A shekarar nan Allah ya dube mu, ruwa ya sauka. Baba Dabo ya fito da irin geron da ya ɓoye a tulu ya liƙe da laka, wanda ko a tsananin yunwa bai bari an taɓa ba, ya shuka babbar gonarsa ta bayan gari. Gero ya fito kore shar, ciyawa ta biyo shi da gudu. Tsoho ba ƙarfi, 'ya'yansa maza sun tafi cin rani kudu ba su dawo ba, surukinsa kuma ni ne. Ba yadda za a yi sai gayya: a kira mazan gari da na ƙauyukan kusa su taru su nome gonar a rana ɗaya, mai gona ya ciyar da su. To abincin fa? Surukata Inna Kulu ta kakkaɓe gindin rumbu ta yi fura. Sakinatu ta kawo akuyarta, wadda ta raina tun tana 'yar ƙarama, wadda ta ƙi sayarwa duk wahalar da muka sha, ta ce a yanka. Kowa a gidan ya san abincin gayya ɗaya ne, babu na biyu. In ba a gama gonar ranar ba, ciyawa ta ci gero, mu kuma mu ci ciyawa.

Matsala ɗaya ta rage. Gayya ba ta yiwuwa ba makaɗi, don ganga ce take ɗaga fartanya ta sauke ta, ita take sa mutum ya manta bayansa yana ciwo. Makaɗin noman garinmu kuwa tun shekarar fari ya sayar da gangarsa ya tafi gadi Bacirawa. Ina jin haka na ji wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na je na durƙusa gaban Baba Dabo na ce kada ya damu da makaɗi, yana da shi a gida.

Ya dube ni ya ce, "Ka iya gangar noma?"

Na ce, "Baba, gangar noma ai ita ce aji ɗaya a abin da muke yi."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Da yana da zaɓi da bai yarda ba, amma ba shi da shi. Ya ce Allah ya sa a gama lafiya.

Sakinatu ce ta tare ni a tsakar gida tana wanke hanjin akuyarta, idonta ja. Ta ce, "Malam, don girman Allah ka yi musu kiɗan da suka sani. Ka bar ci gaban nan sai an yi girbi."

Na ce, "Ke ba ki san darajar abin da ke gidanki ba. Gobe za a yi noman da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan."

Ta ce, "Abin da nake tsoro ke nan."

Na riga na tsara waƙa ta musamman, mai suna Tafiyar Gero Daga Rami Zuwa Rumbu, kashi shida. Na aro lasifika da batirin mota a wurin wani mai tallan maganin shawara, muka ɗora batirin a mangalar jakin Baba Dabo. Da muka isa gona sai muka ga wayar gajera ce kuma batirin ya yi nauyin saukewa, na ce a bar shi a kan jakin, a tsayar da shi kusa da ni. Nababa ya ce a ɗaure jakin. Na ce jakin da ya sha yunwar shekara biyu ina zai je.

Hantsi bai gama fitowa ba gona ta cika. Maza sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya kama kunyarsa, sun tuɓe riguna. A gabansu ga Sarkin Noma Muhammadu Sani, ƙato, wuya kamar turmi, da garmarsa da mutum biyu suke ɗauka. Shi ba ya sa ƙarfe a ƙasa sai an kaɗa masa takensa, wato kiɗan da aka san shi da shi tun kakansa. Mata suna can gindin tsamiya da tukwane da ƙoren fura. Baba Dabo ya yi addu'a, aka shafa, kowa ya sunkuya ya ɗaga fartanya yana jiran bugun farko.

Kashi na ɗaya sunansa Asuba. A cikinsa babu ganga. Basiru yana hura bakin kwalba a hankali kamar iska, ni kuma na danne maɓalli ɗaya na riƙe. Maza suna sunkuye, fartanya a sama. Suka jira. Hannuwa suka fara rawa. Wani ya ɗago ya tambayi na kusa da shi ko rasuwa aka yi. Sarkin Noma ya tako har gabana ya ce ina takensa. Na ce masa yana kashi na huɗu. Ya ce yanzu muna na nawa. Na ce muna farkon na ɗaya. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya koma ya dogara garmarsa ya tsaya.

Da na ga asuba ta waye sosai, na yi wa Nababa alama, ya saki kashi na biyu. Nan fa aiki ya fara, kuma nan ya kamata in yi muku bayani don kada ku bi maganar maƙiya. Manomin gayya ba da ido yake noma ba, da kunne yake yi. Ganga ta ce dum, ya sari ciyawar dama. Ta ce dum, ya sari ta hagu. Sai ya taka ya tsallake gindin gero. Jikinsa ya haddace wannan tun yana yaro. To mu a namu, bayan dama da hagu akwai wani bugu na ƙari da yake faɗowa ba sallama. Fartanya ta riga ta tashi, dole ta sauka, abin da ke tsakanin dama da hagu kuwa gero ne.

Na fara jin "Subhanallahi" daga wannan gefe, "Kai, kai" daga wancan. Wani ya taka lokacin da ya kamata ya sara, wani ya sara lokacin da ya kamata ya taka, ya samu dugadugin na gabansa. Layi ya karkace, na kunya ta uku ya tsinci kansa a ta biyar. Wasu suka yi ƙoƙarin toshe kunne su yi noma da ido, amma lasifikar mai maganin shawara ba a yi ta don a ƙi jin ta ba. Da suka fara ɗan kama tafiyar, suka gane inda bugun ƙarin yake ɓuya, sai lokacin sauyi ya yi, muka juya zuwa ƙirgen biyar-biyar. Hayaniya ta tashi. Ni daga inda nake na ɗauka kiɗa ne ya shige su, na ɗaga wa Nababa hannu ya ƙara wuta.

Kashi na uku shi ne wanda na fi alfahari da shi. Sunansa Fari. Don a nuna yadda duniya take in ruwa ya ɗauke, sai duk mu tsaya cak, ba ganga ba kukuma, shiru mai tsawo. Na rufe ido ina jin daɗin shirun. Abin da na manta, ko in ce abin da Ingila ba ta yi tanadinsa ba, shi ne a gayya in ganga ta yi shiru ma'anarsa ɗaya ce: a zo a ci abinci.

Ina buɗe ido na ga gona wayam, fartanyoyi a zube, maza sun nufi tsamiya. Inna Kulu ta miƙe tana cewa ai ko kwatan gona ba a yi ba, amma wa zai hana baƙon gayya ƙwarya bayan makaɗi ya sallame shi? Na ajiye fiyano na bi su da gudu ina cewa su dawo, shirun nan cikin waƙar yake, ba a gama ba. Wani mutumin Makoɗa, bakinsa cike da naman akuyar Sakinatu, ya ce wallahi duk a cikin waƙar nan wurin ya fi daɗi, in da hali a maimaita shi. Aka kwashe da dariya. Kafin in gama bayanin ma'anar fari an sha fura, an sauke tukunya, an siɗe miya, rana ko tsaka ba ta kai ba.

Baba Dabo ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a koma. Suka koma don kunyarsa, ciki ya yi nauyi, ana hamma. Na ce wa kaina yanzu ne za a ga amfanin tsari, don kashi na huɗu shi ne taken Sarkin Noma. Sai dai na ɗan gyara shi. Taken nasa gajere ne, na ga bai dace da mutum mai girma haka ba, na ƙara masa bugu biyu a tsakiya, na ce Nababa ya riƙa ƙara sauri har ƙarshe.

Nababa na sakin kan taken, Sarkin Noma ya yi wata irin girgiza. Tun safe yake tsaye yana haɗiye fushi, ga fura ta hau. Ya yi kururuwa, ya yi wa kansa kirari, ya kira kakansa da kakan kakansa, ya faɗa kunya ido rufe. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Ƙasa tana tashi sama, garma tana walƙiya, mutumin nan yana tafiya kamar an sako ruwa. Inda ya wuce babu ciyawa ko ɗaya. Babu gero kuma ko ɗaya. Bugu biyun da na ƙara, kowanne da gindin geron da yake ɗauka. Samari kuwa ba sa bari Sarkin Noma ya tafi shi kaɗai, abin kunya ne, suka rufa masa baya da irin tafiyarsa. Nababa ya ga abin da ke faruwa ya so ya tsaya, na daka masa tsawa na ce in ya yi shiru za su koma tsamiya.

Sai Sarkin Noma ya kai ƙarshen kunya ta ba-a-ƙirga, ya buɗe ido ya waiwaya don ya ga aikinsa. Ya ga fili fes kamar masallacin idi. Ya saki garma, ya kama kansa da hannu biyu. Daga nan ya juyo ya nufo ni, ba da sauri ba, kuma rashin saurin ne ya fi ba ni tsoro.

Na sha jinin jikina. Na yi tunanin abin da zai tsayar da shi bai wuce ƙarfin fasaha ba, na tsallaka kai tsaye zuwa kashi na biyar, wato Tsawa. Na murɗe lasifika har ƙarshe, na kifa tafin hannu biyu a kan fiyano. Lasifikar ta yi wata ƙara da ni kaina ban tsara ba, daidai kunnen jaki. Jakin da na ce ba inda zai je ya tashi da ƙafa huɗu. Batir yana bayansa, batir yana jan lasifika, lasifika tana jan fiyano, fiyano kuma na rataye ta a wuya da igiya don in yi kama da hoton da ke jikin kaset.

Ya ja ni ta tsakiyar gona, ta ɓangaren da ba a kai ga nomewa ba, inda gero ya fi kyau. Maɓallai suka maƙale, kiɗa yana ta tashi, ina bin kunyoyi da ciki da haƙarƙari, takalmina sau-ciki ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Maza suna darewa, mata suna salati, Basiru yana biye da mu da kukuma don na ce masa komai ya faru kada ya daina. Igiyar ba ta tsinke ba sai a bakin juji inda Baba Dabo yake tara takin awaki. A nan na ƙare, kai a ciki, sauran jiki a waje.

Da aka zaro ni, rabin mutane sun riga sun saɓa fartanya sun kama hanya, suna tafe suna riƙe ciki don dariya. Abinci an ci, gayya ta tashi. Sarkin Noma ya tsaya a kaina ya daɗe, ya ce na ci darajar Baba Dabo, ya wuce. Na hango Sakinatu a gindin tsamiya ta tasa tukunya a gaba, ba komai ciki sai ƙasusuwa, tana share hawaye da bakin zani. Baba Dabo kuwa yana bin kunyoyi a hankali, yana tsintar geron da aka sare yana tarawa a hannu kamar zai iya mayar da shi. Nan dariyar mutane ta daina damuna. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da baƙin ciki, na ji da ma a bar ni cikin jujin.

Ya iso inda nake da geron a rungume. Ya ce, "Ma'aikata, an gama?"

Ban san abin da ya sa na faɗi gaskiya ba. Na ce, "Saura kashi ɗaya, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ajiye shi. Zan neme ka."

Ni da na ce sai a lahira, washegari da fartanya na tashi. Ni da Nababa da Basiru muka nome abin da ya rage, ba kiɗa, muka ciro gero daga inda ya yi cunkoso muka dasa a filin da Sarkin Noma ya share, wani ya kama wani ya ƙi. Hannuna ya yi kanta, bayana ya ƙi miƙewa. Duk wanda ya wuce ta hanya sai ya ɗago murya ya tambaye ni muna kashi na nawa. Sakinatu tana kawo min kunu gona, ta ajiye ta juya, ba ta ce min ci kanka ba. Abin da ya tsira bai wuce rabin gona ba, kuma a kansa gida biyu suka sa rai.

Gero ya fitar da kai, ya fara ido, sai jan-baki suka sauko. Tsuntsayen nan su ma sun sha yunwa, suka zo garke garke har suna rufe rana. Kowa ya tura 'ya'yansa gona da gwangwani suna bugawa. Kwana kaɗan tsuntsaye suka haddace bugun, suka riƙa cin gero suna kaɗa jela daidai da shi. Rabin gonarmu ya fara zama kara.

Da sassafe Baba Dabo ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa. Ya ce, "Kashin nan da na ce ka ajiye. Ɗauko shi, da mutanenka."

Ya sa aka kafa mana rumfa a tsakiyar gona. Fiyano ta sha ƙasa, rabin maɓallanta sun mutu, sauran suna faɗin abin da suka ga dama, wanda a wurina ƙarin ci gaba ne. Muka saki kashi na shida. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Suka yi shawagi suka dawo, suka sauka a kan tsamiya suna sauraro don su kama tafiyar kamar yadda suka yi wa masu gwangwani. Suka ƙirga uku muka ba su huɗu. Suka shirya wa huɗu muka yi shiru. Suka sauko cikin shirun, Nababa ya rafka wa daro bugu. Kafin azahar sun haƙura sun koma gonar maƙwabta.

Maƙwabta suka zo da kansu suna roƙon mu je gonakinsu, har da mutumin Makoɗa mai son a maimaita shiru, har da Sarkin Noma, wanda ya ce a yi masa kowane kashi ban da na huɗu. Daminar nan Agogon Ƙarƙashin Rijiya ya zaga gonaki har wajen Minjibir, kullum muna da wurin zuwa, ana biyanmu da damin gero. Geron Baba Dabo ya shiga rumbu. Wani mai gona da ba shi da dami ya ba ni 'yar akuya, na jawo ta har gaban Sakinatu na miƙa mata igiyar ban ce komai ba.

Ta duba haƙoranta, ta shafa bayanta, ta ɗaure ta a turken tsohuwar. Na ga fuskarta ta ɗan saki, sai bakina ya dawo. Na ce mata ta sani fa, masu sauraron da muke tarawa a gona ɗaya sun fi duk waɗanda su Mai Gashi suka gani a rayuwarsu, dubbai ne, sai dai har yau ba a samu ko ɗaya da ya tsaya ya ji ƙarshe ba.

Ta zuba wa akuyar dusa, ta ce, "Allah sarki Bature. Su a ƙasarsu ba a noma gero ne?"